An sallame ni, ciwo ya tafi, amma laifes ɗina bai sauko ba. Akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Abban_Husna
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin nan ko suka taɓa shiga cikinsa. Wajen wata biyu ke nan aka kwantar da ni a asibiti da wani ciwon ciki da ban taɓa jin irinsa ba. A ƙahon zuciya ya kama ni, ya ratsa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Kwanciya rigingine ta gagara, sai dai in zauna in duƙo gaba in rungume gwiwoyina, a nan kaɗai nake samun ɗan sassauci. Da ma an daɗe ana ba ni maganin olsa, to wannan karon da aka ɗibi jini sai aka ce fankiriyas ne ya kumbura, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da ruwan narka abinci. Laifes ɗina, wato sinadarin fankiriyas da ake aunawa a jini, a ranar ya haura 2,000. Aka yi ta ƙarin ruwa da allurar kashe zafi har Allah ya kawo sauƙi aka sallame ni.

Yanzu alhamdulillahi ina cin abinci, na koma kasuwa, ba na jin ciwon. Shekaranjiya na je na sake awo da kaina don hankalina ya kwanta, sai ga laifes 152, a gefen takardar an rubuta iyakarsa 60, har an ja masa layi. Amiles, ɗaya sinadarin da ake aunawa tare da shi, 118, iyakarsa 100. Ranar ganin likitana sai nan da mako uku. Tun da na karɓi takardar nan barci ya ƙaurace mini. Ciwon ne yake nan bai tafi ba, ko dawowa zai yi? Shekarata 44.

Maman_Ilham
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara sauƙi. Masana za su zo su yi maka bayani in sha Allah.

ƊanKurmi77
Ɗan'uwa kwantar da hankalinka. Ni ma na yi wannan ciwon shekarun baya, nawa lambar sai da ta yi watanni tana sama kafin ta sauko da kanta. Ba abin da aka yi mini. Tunda kana ci kana sha kana fita nema, ka ajiye takardar nan a aljihun tebur ka ci gaba da harkarka. Jiki magayi.

MaiAwo_Zazzau
Sannu Abban Husna. Aikin ɗakin gwaji nake yi, don haka bari in fara da tambaya: wurin da aka auna ka ranar da aka kwantar da kai, shi ne wurin da ka je shekaranjiya?

Abban_Husna
A'a. Na farko a cikin asibitin aka yi, wannan kuwa wani ɗakin gwaji ne na kuɗi kusa da shagona.

MaiAwo_Zazzau
To ka ga wuri na farko da za a kula. Awon laifes ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Wani injin iyakarsa 60, wani 160, wani ma har 300, ya danganta da sinadarin da ake haɗa awon da shi. Kamar mudun wannan kasuwa ne da na waccan, sunan ɗaya amma cikin ba ɗaya ba. Shi ya sa mu ba lambar kawai muke dubawa ba, muna duba ninki nawa ta yi wa iyakar da ke kan takardar. Naka 152 a kan 60, ninki biyu da rabi ke nan. Amiles ɗinka kuwa da ƙyar ya leƙa saman iyaka.

Ma'aunin da likitoci ke bi kafin su ce mutum yana da kumburin fankiriyas, sai abu biyu sun haɗu cikin uku: irin ciwon nan da ka siffanta, lambar ta kai ninki uku na iyaka ko fiye, sai kuma hoto ya nuna kumburin. Kai yanzu ba ciwo, lambar ba ta kai ninki uku ba. Ba za a ce ciwon ya tashi ba da wannan takardar kaɗai.

Amma kuma ba zan ce maka ba komai ba ne. A bisa al'ada amiles yana hawa cikin awoyi, ya sauko cikin kwana 3 zuwa 5. Laifes ya fi shi jimawa, yakan kai kwana 8 zuwa 14. Wata biyu ya wuce wannan lissafin, don haka akwai dalilin a tambayi me ya riƙe shi. Idan za ka maimaita, ka koma wuri ɗaya, kada ka riƙa yawo da jininka daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan.

Hajiya_Balaraba
Ɗana, ka samu zuma mai kyau da man habbatus sauda, cokali ɗaya safe da yamma. Kuma ka rabu da maiƙo gaba ɗaya, ba soye-soye, ba tsire, ba man shanu. Akwai wani haɗin sassaƙe da ake jiƙawa na wankin ciki, in kana so in tura maka sunayen itatuwan.

Sista_Rabi
Hajiya, Allah ya saka da alheri, batun rage maiƙo gaskiya ne. Amma jiƙe-jiƙen nan don Allah a dakata masa da su tukuna. Mutumin da ake neman sanin me ya hana lambarsa sauka, in ya fara shan abin da ba a san me ke cikinsa ba, gobe awon hanta ko na ƙoda ya canza, ba wanda zai iya rabe wanne ne ya jawo wanne. Mun sha karɓar marasa lafiya da suka zo ƙoda ta taɓu bayan wankin ciki. Zuma ma a bari a auna sugansa kafin ya mai da ita safe da yamma.

Abban Husna, ga abin da nake so ka riƙe kafin ranar ganin likita. Idan ciwon nan na ƙahon zuciya ya dawo, ko amai, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko idonka ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, ko ka ga cikinka yana ɗagowa, kada ka jira mako ukun nan. A daren ka tafi sashen gaggawa da duk takardunka a hannu.

Likitan_Ciki
Malam Abban Husna, sannu da jiki. Ba zan iya duba ka ta waya ba, amma zan faɗa maka yadda nake tunani idan mai irin takardarka ya zauna a gabana.

Abu na farko, lambar nan ba ta auna tsananin ciwo. Akwai wanda laifes ɗinsa zai kai dubbai ya tashi cikin 'yan kwanaki, akwai wanda tasa ba ta kai rabin haka ba amma sai an kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Shi ya sa da zarar an gano ciwon ba ma bin lambar kullum don mu san ko mutum yana warkewa. Cin abinci, tafiyar ciwo, zazzaɓi, fitsari, su muke kallo. Don haka ƊanKurmi yana da gaskiya ta wani ɓangare.

Inda na rabu da shi shi ne ajiye takardar a aljihun tebur. Tunda an riga an auna kuma an ga tana sama bayan wata biyu, abin da ya fi zuwa mini a rai shi ne ruwa ya taru a gefen fankiriyas. Lokacin kumburin, ruwan da yake narka abinci yakan tsiyaye ya kwanta a kewaye. Sau da yawa jiki yana shanye shi. Wani lokaci kuwa bayan kamar mako huɗu sai ya yi wa kansa bango ya zama jaka, sinadarin da ke cikinta ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan. Mutum yana iya yawo da ita bai sani ba, ko ya riƙa jin ya ƙoshi da loma kaɗan. Hoton ciki ne ke nuna ta.

Sai ƙoda. Ita ce take tace waɗannan sinadarai daga jini, in ta yi rauni sai su taru ko da fankiriyas lafiya lau. Awon kiriyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda, mai sauƙi ne, kuma ba shi da tsada. Akwai magunguna ma da ke ɗaga lambar, akwai ciwon suga, akwai wasu cututtukan hanji.

Amma tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina ba ka taɓo ta ba: me ya jawo ciwon tun farko? An gaya maka? Don wanda aka sallama ba a gano sanadi ba, shi ne wanda muke sake gani a gadon asibiti.

Abban_Husna
Na gode Likita, Allah ya ƙara basira. Gaskiya ba a ba ni amsa tsayayya ba. Abin da na fi tunawa shi ne kowane likita ya zo sai ya tambaye ni ko ina shan giya. Har a gaban matata da ƙanena aka tambaye ni. Wallahi ban taɓa kai ta bakina ba, kuma abin ya sosa mini rai ƙwarai. An yi mini sikanin sau ɗaya, mai hoton ya ce iska ta cika hanji bai ga komai da kyau ba, amma kamar akwai laka a maɗaciya. Batun ƙoshi da wuri kuwa, ina jin haka. Tuwon da nake tashi da malmala biyu yanzu ɗaya ba na gamawa, na ɗauka rashin lafiyar ce ta rage mini ci.

Likitan_Ciki
Ka yi haƙuri da wannan tambayar, bai kamata a yi maka ita a gaban iyali ba. Dalilin yin ta shi ne a duniya gaba ɗaya abu biyu ne kan gaba wajen jawo ciwon nan, tsakuwar maɗaciya da giya, to dole a tambayi kowa. Amma a keɓe ake yi.

Lakar nan da aka ambata kada a wuce ta. Bututun maɗaciya da na fankiriyas wuri guda suke zubawa a farkon ƙaramin hanji. Tsakuwa ƙarama kamar ƙwayar gero ta isa ta toshe bakin na ɗan lokaci, ruwan fankiriyas ya koma baya, ciwo ya tashi, ita kuma ta wuce abinta. Ƙananan ma sun fi manyan haɗari ta wannan fuskar don su ne ke iya fita su shiga bututu. Ka nemi a matso maka da ranar ganin likita, ka gaya masa batun ƙoshin nan. A maimaita sikanin kana da awa 6 zuwa 8 ba ka ci komai ba, yanzu da iskar ta kwanta za a fi gani.

Ɗan_Maraɗi
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni nawa ba tsakuwa ba ce, ba giya ba ce, maiƙon jini ne. Da aka ɗebi jinina aka ajiye kwalbar, sai saman ya yi fari kamar an zuba madara, ma'aikacin ya kira abokan aikinsa su zo su gani. A nan wajenmu da giram cikin lita ake rubutawa, likita ya ce daga giram 10 zuwa sama haɗarin yake tsananta, wato 1,000 a irin lissafinku. Nawa ya wuce haka. Abin mamaki amiles ɗina a ranar bai hau sosai ba, sai da aka yi hoto aka tabbatar. Abban Husna, ka ce a auna maka tiraigilisarayid, wato maiƙon jinin nan, da safe kafin ka karya. Ni ba mai ƙiba ba ne, ba wanda zai kalle ni ya zaci haka, ashe a gidanmu abin yake, yayana ma da aka auna shi an samu.

MaiAwo_Zazzau
Abin da Ɗan Maraɗi ya faɗa haka yake. Jini in ya yi maiƙo sosai yana rikita awon amiles ya fito ƙasa da gaskiyarsa, sai an tsinka jinin an sake. A haɗa da awon kalsiyam ma, yawansa a jini yana cikin sanadin da ake mantawa.

Ummu_Sadiq
Ni 'yata ce mai sikila, tana da shekara 16 aka samu tsakuwa cike da maɗaciyarta. Likitocin sun ce masu sikila jininsu yana yawan fashewa, shi ke tara tsakuwar tun suna yara. Duk ciwon cikin da ta yi sai mu ce rikicin sikila ne, ashe wani daga ciki fankiriyas ne. Iyaye masu irin yaran nan, in ciwon ciki ya zo da amai kuma ya bambanta da wanda kuka saba gani, ku roƙi a duba wannan ɓangaren.

ƊanKurmi77
Ni fa har yanzu ina kan bakana. Mutum ya warke yana cin tuwonsa, yanzu an jera masa sikanin, awon ƙoda, awon maiƙo, awon kalsiyam, gobe a ce babban hoton nan na CT. Kun san kuɗin CT a yau? Talaka da ya fito daga jinya da bashi a wuya ina zai samo? Da bai je ya yi awon nan da kansa ba da yanzu yana barcinsa lafiya.

Maman_Tagwaye
Malam ƊanKurmi, kai Allah ya taimake ka naka ya sauko da kansa, amma ba kowa ba ne. Maigidana haka ya ce, na warke, ba zan koma su ƙara cin kuɗina ba. Wata uku bayan sallama sai ya fara rama. Abinci cokali uku ya ture kwano. Daga baya in ya ci sai ya dawo da shi. Ni da hannuna na taɓa wani tudu a saman cibiyarsa, mai tauri, yana kwance ana ganinsa ya ɗago riga. Da muka koma aka ce jakar ruwa ce ta girma har ta danne tumbinsa, abinci ba ya samun hanyar wucewa. Sai da aka tura mu asibitin koyarwa aka zuƙe ta. Kuɗin da muka kashe a ƙarshe ya ninka na hoton da ya ƙi yi sau ban san adadi ba, ban da wahalar da ya sha. Da na ji Abban Husna ya ce malmala ɗaya ba ya gamawa sai gabana ya faɗi.

Likitan_Ciki
Maganar kuɗi gaskiya ce, ba na raina ta, kullum da ita muke fama. Shi ya sa ban ce a fara da CT ba. Sikanin na yau da kullum da kiriyatinin da suga, su ne masu araha, kuma sau da yawa sun isa su nuna inda aka dosa. In sun nuna wani abu sannan a yi maganar CT ko MRCP, hoton da ke nuna bututun maɗaciya da na fankiriyas.

Maman Tagwaye, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Amma kada Abban Husna ya ɗauka duk jakar ruwa sai an zuƙe. Da yawa suna bushewa da kansu cikin makonni ko watanni, ido kawai ake sa musu. Wadda ake taɓawa ita ce mai kawo ciwo, ko ta hana abinci wucewa, ko ta toshe bututun maɗaciya, ko ƙwayoyin cuta suka shige ta.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake nacewa a kan hoto, zan faɗe shi ba don in tsorata kowa ba. Wanda ya haura shekara 40 ya yi wannan ciwon kuma aka rasa sanadi, ana so a sake duba fankiriyas ɗin da hoto mai kyau bayan kumburin ya kwanta, don a wasu 'yan tsiraru wani tsiro ne ya matse bututun. Ba shi ne abin da aka fi samu ba, nesa ma. Amma wanda aka gano da wuri shi ake iya yi wa wani abu.

Maman_Ilham
Innalillahi. Allah ya raba mu da mugun ji da mugun gani.

Baba_Alhaji_Jos
Ni ban taɓa yin ciwon fankiriyas ba, amma laifes ɗina kullum yana ɗan sama. Ina da suga shekaru da yawa, ina shan Januvia, ƙodata kuma an ce ta ɗan ja baya. Likitana ya ce waɗannan sun isa su ɗaga lambar, tunda ba ciwo a bar ta. Abban Husna, wane magani kake sha yanzu? Ka kwashe su duka a leda ka kai wa likita, har na kemis da kake saye da kanka.

Sista_Rabi
Baba ya kawo magana mai muhimmanci. Irin su Januvia da alluran nan Victoza da Ozempic da mutane suka fara nema don rage ƙiba, an san suna ɗaga laifes, kuma wanda ya taɓa kumburin fankiriyas ba a so ya fara su ba tare da likita ya san tarihinsa ba. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su kodin su ma suna matse bakin bututun. Amma kada wanda yake kan maganin suga ya karanta wannan ya daina sha da kansa.

MaiAwo_Zazzau
Bari in ƙara wani abu da ba kasafai ake tunawa da shi ba. Amiles ba fankiriyas kaɗai ke yin sa ba, wurin da ke samar da yawu ma yana yi, shi ya sa yaro mai hangum za ka ga nasa ya hau. Akwai kuma mutanen da amiles ɗinsu yake manne wa wani furotin a jini ya yi girman da ƙoda ba ta iya tace shi. A jini yana sama shekara da shekaru, a fitsari kuwa ƙasa, kuma ba cuta ba ce. Sannan wani likita ɗan Italiya, Lucio Gullo, ya bayyana a 1996 wasu mutane masu lafiya da lambobinsu ke hawa suna sauka, yau sama gobe daidai, fankiriyas ɗinsu kuma garau.

ƊanKurmi77
To kun ji. Wataƙila irin nawa ke nan.

Likitan_Ciki
Wataƙila. Sai dai wannan suna ba a ba mutum shi sai an duba an rasa komai, an kuma bi shi na tsawon lokaci. Wanda bai jima da tashi daga kumburi na gaske ba, ba a fara masa da wannan zaton.

Amaryar_Gombe
Don Allah tunda ana maganar, ni tambayata daban ce. Mahaifiyata ta yi ciwon nan sau uku. Yanzu an auna laifes an ce daidai yake, har ƙasa-ƙasa, amma ita ba ta da lafiya. Bayan gidanta yana da maiƙo, yana yawo a saman ruwa, da wari mai ƙarfi, sai rama take yi. Ya lambar za ta yi kyau ita kuma tana lalacewa?

Likitan_Ciki
'Yar'uwa, wannan ya nuna ɗaya gefen maganar. Fankiriyas da ya sha kumburi sau da yawa yakan ƙanƙance ya yi tabo, ya kasa samar da sinadarin ma gaba ɗaya. Lambar jini sai ta fito daidai ko ƙasa alhali aikin ya ragu. Abin da kika siffanta alamar maiƙo ba ya narkewa ne. Akwai awon bayan gida da ake kira ilastes, in ya gaza 200 yana nuna ƙarancin. Maganinsa ƙwayoyin sinadarin ne irin su Creon, ana haɗiya tare da abinci, ba kafin ba, ba bayan an gama ba. A auna mata suga kuma. Fankiriyas ne ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, kuma cikin waɗanda suka yi wannan ciwon kusan ɗaya cikin huɗu suga yana bayyana musu daga baya.

Abu_Hanifa_Kt
Likita, an ce mini Creon ɗin nan daga alade ake yin sa. Gaskiya ne?

Likitan_Ciki
Gaskiya ne, daga fankiriyas ɗin alade ake ciro shi, kuma ire-irensa da aka fi samu duk haka suke. Ina gaya wa marasa lafiyata tun kafin in rubuta, don kada su ji daga baya su watsar.

Malam_Na_Zaure
Allah ya saka wa Likita da bai ɓoye ba. Ayar da ta haramta naman alade a Suratul Baƙara, aya ta 173, ita ce kuma ta ɗauke laifi daga wanda larura ta tilasta. Malamai da dama sun yi sauƙi a magani idan likita amintacce ya tabbatar da buƙata kuma babu madadin halal da zai yi aikin. Amma Amarya, ku je da bayanin likitan wurin malamin da mahaifiyarku ta natsu da shi, don ta sha da kwanciyar rai.

Hajiya_Balaraba
To azumi fa? Mai wannan lalurar zai iya?

Sista_Rabi
Hajiya wannan sai likitan mutum, don wanda ya warke sarai daban, mai suga ko mai jakar ruwa daban. Abin da na sani yana wahalar da su shi ne buɗa-baki: ciki ya wuni ba komai, a lokaci guda a dora masa ƙosai da soyayyen dankali da farfesu mai kitse. A fara da ruwa da dabino da kunu, a ci kaɗan-kaɗan. Masu taba sigari da shisha kuma su sani hayaƙin nan yana cikin abin da ke dawo da ciwon.

Abban_Husna
Jama'a na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na samu an matso mini da ranar. An maimaita sikanin da safe ban karya ba. An ga jakar ruwa santimita 4 a bayan tumbi, an kuma ga ƙananan tsakuwoyi a maɗaciya, wannan karon ƙarara, har mai hoton ya juyo da allon ya nuna mini su suna gangarawa da na juya kwiɓi. Ƙoda lafiya, maiƙon jini da kalsiyam daidai, suga yana bakin iyaka an ce a sake bayan wata uku. Laifes a asibitin 140. Likita ya ce jakar a sa mata ido, a sake hoto nan da mako shida, daga nan a yi maganar cire maɗaciya. Jakar ba ta dame ni kamar tiyatar ba. Mutum zai rayu daidai babu maɗaciya?

Ummu_Sadiq
Zai rayu Malam. An cire wa 'yata, ta ƙananan huji aka yi aikin, ba a tsaga cikin ba. Da farko in ta ci mai sai cikinta ya ɗan saki, daga baya ya daidaita. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, ita maɗaciya ma'ajiya ce kawai.

ƊanKurmi77
Alhamdulillahi da aka gano. Amma ni a ganina a bar wa mutum kayan cikinsa. Ya kiyaye maiƙo, tsakuwar ta zauna inda take. Ba kowane mai tsakuwa ake yanka ba ai.

Likitan_Ciki
Ba kowane mai tsakuwa ake yi wa aiki ba, haka ne, mutane da yawa suna da ita har su tsufa ba ta taɓa motsi ba. Amma wadda ta riga ta jawo kumburin fankiriyas ta fita daga wannan sahun. A wani bincike da aka yi a ƙasar Holan aka wallafa a 2015, an raba masu ciwon mara tsanani gida biyu. Waɗanda aka cire wa maɗaciya kafin sallama, kashi 5 cikin 100 ne matsalar tsakuwa ta dawo musu. Waɗanda aka ce su je gida su dawo bayan kamar wata guda, kashi 17. Kiyaye maiƙo yana rage tashin ciwo amma ba ya narkar da tsakuwa. Shi Abban Husna jakar ruwan ce ta sa aka jinkirta, don ba a son shiga ciki sai ta bushe ko ta tsaya wuri ɗaya, kuma wannan tsarin daidai ne.

Maman_Tagwaye
Kafin lokacin dai ka kula da cin abincinka Malam. In malmala ɗayan ma ta fara gagara, ko amai ya zo, kada ka jira mako shidan.

Ɗan_Maraɗi
To ita lambar fa? In jakar ta bushe za ta sauko?

MaiAwo_Zazzau
Yawanci haka ake gani, amma ba rana ɗaya ba, kuma wani tasa takan ɗan zauna sama ko bayan hoto ya yi kyau. Ni da zan ba shi shawara, kada ya sake zuwa awon laifes da kansa tsakanin nan da ranar hoton, sai in likita ya rubuta ko ciwo ya taso.

ƊanKurmi77
Batun yanka dai ban gamsu ba tukuna. Amma maganar sugan nan ta tsaya mini a rai, tun da aka sallame ni ban taɓa aunawa ba. MaiAwo, wanne ake yi, na yatsa da ake yi a kemis ya isa ko sai an ɗebi jini a hannu?

MaiAwo_Zazzau
Na yatsa yana ba da haske, amma ka je ɗakin gwaji da safe ba ka ci komai ba tun daren jiya, awa 8 aƙalla, ruwa kawai. In da hali ka haɗa da HbA1c, shi ba ya buƙatar ka ƙi cin abinci, yana nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Sai dai in kana da sikila ko an yi maka ƙarin jini kwanan nan ka faɗa musu, don yana iya ba da lambar da ba daidai ba.

Amaryar_Gombe
Likita, awon ilastes ɗin nan na tambaya a garinmu an ce ba sa yi. Ana iya fara mata maganin kafin a samu inda ake yi, ko dole sai an auna?